Inda Gam Bai Kama Ba

Ɓallen fiffiken yana kan teburin Dakta, a yage kamar bangon tsohon littafi. Na ƙaramin jirgin feshin gona ne. Facin da aka yi masa ya ɗaye a sama, jirgin ya faɗo. Matuƙin ya rayu, amma shi da tafiya da ƙafarsa har abada. Kamfanin gyara ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, bai sha wahala ba: tsohon da ya manna facin. Mahaifinta.

Haba! Baba? Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana manna shimfiɗar zaren gilashi ɗaya bisa ɗaya, wanda ko numfashi ba ya bari ya sauka a wurin da ya goge kafin ya shafa gam? A gida har tsokanarsa ake yi, wai da safar hannu aka haife shi. Shi ya koya mata tun tana ƙarama cewa maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana gam kamawa. A kan wannan magana ta gina karatunta, da ita take cin abinci har yau.

Amma a gaban kwamitin bincike tsohon nan ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Wai ya cire safa ya taɓa wurin. Aka kore shi a wulaƙance, ga shari'a tana jiransa, lauyoyi har sun fara zancen ɗauri.

"Baba, wa ya tsorata ka? Manaja ne?"

"Ki bar shi haka, Uwata. Na riga na amsa."

"Wallahi ba zan bari ba."

Ta san halin kamfanin sarai. Ta tabbata gam ɗin da ya lalace a sito suka ba shi, yanzu kuma suna so su wanke kansu da furfurarsa. To, sun taɓo wadda ta fi su. Aikinta ke nan, binciken tsaga: tsaga ba ta tafiya gaba ɗaya, duk tashin jirgi da saukarsa sai ta ƙara ɗan taku, ta bar sawu a jikin gam. Dakta ta ɗauki hoton sawun layi-layi, ta zuba wa kwamfuta, ta sa lissafin ya bi tsagar da baya har inda ta faro. In gam ne ya lalace, daga gefe za ta fara, ko'ina lokaci ɗaya. Hujjar da take nema ke nan.

Ranar da lissafin zai kammala, makarantar yara ta sake rufewa ba sanarwa, dole ta taho da 'yarta ofis. Da can ba ta da wannan damuwar. Sai ta ajiye wa Baba "amaryarsa" a wurin aikinsa, ta wuce lacca a guje, su yi ta faɗan kuɗin cefane har ta dawo. Yanzu ko wannan gatan ma, kamfanin ya ƙwace mata.

Ta zaunar da yarinyar ta shafe mata tafin hannu da man da likita ya ce a riƙa lafta mata kullum da safe saboda faso. Abin dariya, mai binciken tsaga ta kasa da ta hannun 'yarta. Yarinyar ta sauka ta shiga sana'arta, tana manna hannu a jikin firji, ƙofa, kabad, tana cewa, "Nawa ne!"

A fuskar kwamfuta jan launin tsagar ya fara ja da baya. Dakta ta daidaita hoton ya zama girman facin na zahiri, ta ƙura ido tana jiran ya nufi gefe.

Bai nufi gefe ba. Gefen lafiyarsa ƙalau, gam ɗin kamfanin kuma ba abin da ya same shi. Jan ya yi ta tsukewa zuwa tsakiya, ya tsaya cak a wuri guda inda gam bai taɓa kamawa ba: dunƙule ɗaya, da 'yan rassa biyar.

Hannu.

Ashe gaskiya Baba ya faɗa. Ashe ita ce sakarai, ta zagi mutane a banza, ta kuma haɗa wa lauyoyi hujjar ɗaure ubanta da kanta. Ta ji haushinsa, haushin da ba ta taɓa ji ba. Kai, Baba! Kai da ka koya wa kowa?

Ta miƙa hannu za ta kashe kwamfutar, sai yarinyar ta haye cinyarta, ta ga jan abu mai kyau, ta kai masa tafi.

"Nawa ne!"

Ɗan tafin hannun mai maiƙo ya rufe jan tas, ko yatsa ɗaya bai yi saura ba.