Lamba Ɗaya a Baki, Lamba Biyu a Kwando

Wiebke ta rage kajin da mahaifinta ya bar mata, ta fasa bangon gidan kajin, ta yi musu ƙofofin fita filin ciyawa. Ba haka kawai ta yi ba. Masu bincike ne suka tsaya a bakin kantin garinmu suna tambayar jama'a ko za su ƙara kuɗi su sayi ƙwan kazar da ke yawo a fili. Kowa ya ce e, har da dafa ƙirji. Maƙwabciyarta Almut sai da ta yi ƙwalla don tausayin kaji.

Aka buga wa ƙwan Wiebke hatimin lamba ɗaya, alamar kazar fili. Na kazar kulle lamba biyu ne, ya kuma fi araha.

To, ƙwai ya je kanti ya yi kwantai. Hannun da ya dafa ƙirjin nan, shi yake tsallake lamba ɗaya ya ɗauki biyu.

Hinnerk dillalin ƙwai ya ce, "Ko ki koma lamba biyu, ko in daina zuwa."

"Ai sun ce za su saya."

"Faɗa ba ta cin kuɗi, Wiebke."

Ta zaga sauran dillalai, bakinsu ɗaya. Ta sayar da gonar? Ina za ta kai tsohuwarta, wadda ba ta taɓa kwana a wani gida ba? Haka ta rufe ƙofofin, ta ƙaro kaji.

Wallahi abin ba kyan gani. Kullum da safe kajin da suka san ciyawa sai su cunkushe a bakin ƙofa suna tsattsagar ƙarfe. Da suka gaji, suka koma tsattsagar juna. Wiebke ta riƙa kwashe matattu a bokiti tana kuka.

Ranar nan Almut ta dawo daga kanti, ta leƙo ta shinge. "Haba maƙwabciya, kika kulle bayin Allah? Ba tausayi?"

Wiebke ta miƙa hannu cikin kwandon Almut ta ɗauki ƙwai ɗaya. Lamba biyu, ga lambar gonar Wiebke a gefe.

Almut ta yi murmushi. "Naki ne ai. Yanzu ya yi araha."

Mai karatu, in an tambaye ka, faɗi abin da za ka aikata. Wani yana can zai ɗora rayuwarsa a kan amsarka, kuma tausayin da ya tsaya a baki cuta ne.