Kwalbar Humrar Inna

Da muka gudo daga bakin kogin Komadugu zuwa sansanin Assaga, Inna ta bar tukwanenta, amma ta ɗauro kwalbar humra a bakin zanenta. Ita ta haɗa ta da hannunta: kajiji, ɗoɗɗoya da furen lalle. Ƙamshinta kamar gona bayan yayyafi. Ta ce ba za ta buɗe ba sai Baba ya dawo. Shi kuwa ya koma tsinko tattasanmu da ya nuna a bakin kogi.

Wata rana bayan la'asar wani mutum ya zo, suka yi magana da Inna a bayan bukka. Inna ta shigo, ba ta yi kuka ba. Ta cire awarwaronta, ta miƙo mini kwalbar.

"Kai wa Ya Falmata. Ki ce na ba ta."

"Inna, ba ta dawowar Baba ba ce?"

"Ki kai, na ce."

Na tafi ina jin haushi, ina shinshinar murfin a hanya. Ya Falmata, maƙwabciyarmu, ta dubi kwalbar, ta dube ni, sai ta ɗora hannu a ka tana salati. A bakinta na fara jin kalmar takaba. A nan na san matar da mijinta ya mutu ba ta shafa turare.

Yanzu a Diffa nake. Duk bikin da aka buɗe humra mai furen lalle, mata na guɗa, ni ina neman ƙofa.