Ƙirgen Don Crisanto

Dubu goma sha ɗaya, in ji 'yar na'urar ƙirge da ke hannun Don Crisanto. Ta abokiyar aikinsa Nereida kuwa dubu bakwai da 'yan kai. A rufi ɗaya suke tsaye a garin Cardel, sama ɗaya suke kallo, amma yau kwana tara lissafinsu bai haɗu ba.

Shekara ashirin da shida yana hawa rufin nan duk watan Oktoba don ƙirga shahuna, lokacin da suke kwararowa daga arewa su nufi kudu. Ita fa? Bara aka kwaso ta daga jami'a, da takardarta da wata hula mai faɗin faifai. In ya nuna mata ayari can ƙololuwa, sai ta ɗaga madubin hange ta yi ta lalube, ta ce ba ta ga komai ba.

"'Yar nan, a makarantar taku ba a koyar da buɗe ido ne?"

Ta ba shi haƙuri. Ya ja tsaki, ya murza idonsa na dama da rana ta matsa wa kwanan nan, ya ci gaba da danna na'urarsa.

Shugabarsu, Doña Eufemia, ta riga ta yanke hukunci: ba za ta ci gaba da karɓar lissafi biyu ba, ranar Juma'a ɗayansu zai bar rufin. Don Crisanto ko a jikinsa. Har ya ɗan tausaya wa yarinyar, ganin ba ta ma san ba ta iya ba.

Ranar Juma'a sama ta yi fes. Da tsakar rana ya hango su, ɗaruruwa, ƙanana baƙaƙe, suna shawagi a hankali ba ko kaɗa fiffike. Duk inda ya kai ido suna nan. Ya ƙwala wa Doña Eufemia kira ta zo ta raba gardama. Ta ɗaga madubinta ta daɗe tana dubawa, sannan ta sauke, ta kalli Nereida. Ta girgiza kai.

"Har da ke, Eufemia? Ashe makafin biyu ne."

"Crisanto, sauka ka sha kofi. Ina zuwa mu yi magana."

Ya sauka yana murmushin raini. A ransa ya san maganar: za ta roƙe shi ya taya ta lallashin yarinyar kafin a sallame ta. Ya ja kujera a ɗakin cin abinci, wanda aka yi wa farin fenti makon jiya. Ya cire madubin hangensa daga wuyansa ya ajiye, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga kai.

Ayarin na nan a jikin farin bangon, ɗigo-ɗigo baƙaƙe, yana shawagi a hankali, duk inda ya kai ido.