Kin Yi Ƙiba

Tun da aka kafa dokar awon jiki, kowane zaure a garin yana da 'yar fitila mai ji da gani. In ta yi kore, lafiya. In ta yi ja saboda ƙiba, an cire sunanka daga jerin maniyyata aikin Hajji.

Wata takwas Tabawa ta yi tana lallaɓa fitilar nan. Ta bar ƙosai da lemon kwalba, ta koma kwaɗon zogale da tuwo malmala ɗaya, kasuwa ma a ƙafa take zuwa. Saura kwana uku a rufe jerin.

Sai ga Gwaggo Delu daga ƙauye, babu ko aike. Tun daga zaure ta ɗaga murya.

"Tubarkalla! Tabawa, ke ce kika yi ƙiba haka? Lallai Malam yana ji da ke!"

"Gwaggo, rufa mini asiri, yi a hankali. Ramewa na yi."

"Wace irin rama? Ga kumatu, ga wuya!"

Fitilar ta yi ƙyaf, ta koma ruwan ɗorawa.

Tabawa ta shimfiɗa mata tabarma tana ba kanta haƙuri: tsohuwa ce, a zamaninsu yabo ke nan. Sai da ta durƙusa miƙa ruwa ta tuna cewa Asabe, 'yar Gwaggo, ita ke bin ta a jerin: in an cire Tabawa, kujerar ta Asabe ce. Ta kuma tuna wani abu. Lokacin da Gwaggo ke yabon, ba ita take kallo ba. Fitilar take kallo.