Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ni ce 'yar farin Inna, don haka bisa al'adarmu a Kudan ba ta kiran sunana. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan".

Wata la'asar, zamanin Turawa, malaminmu na elementare ya koya mana rubuta sunayenmu. Na sheƙo gida da allona a hannu, ina kare shi kada rubutun ya goge. Na tarar da ita tana sussukar dawa, ita da Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba.

"Inna, duba! Kin san abin da na rubuta?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ladi, ce wa yarinyar nan ta matsa, ƙaiƙayi zai shigar mata ido."

"Sunana ne fa, Inna. Ki faɗa, sau ɗaya kawai."

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Ji marar ta ido! So kike gari ya ɗauka uwarki ba ta da kunya?"

Na tsaya ina kuka, taɓarya kuwa ba ta fasa sauka ba.

A unguwar nan na yi aure, na haifi takwas, kowane jego Inna ce take dafa mini ruwan wanka da hannunta. Na san tana sona. Amma har Allah ya karɓi abarsa ban ji sunana a bakinta ba. Allah ya jiƙanta, na yafe, sai dai abin bai daina ci mini rai ba. Shi ya sa ɗan farina nake ƙwala masa kira da sunansa a tsakar gida, maƙwabta suna cewa boko ya ɓata ni. Su yi ta faɗa.