Manomin da Ya Yi wa Ƙauye Zobe

To, Honarabul, tunda yanzu da wannan sunan ake kiranka, zauna ka ji wani misali kafin a rantsar da kai. A Amurka ta dā, lokacin da daji ya fi mutane yawa, an yi wani manomi gwanin sharar gona. Itatuwan can ƙatti ne, mutum uku ba sa rungume guda, don haka ba ya wahalar da kansa da sara. Sai ya zagaye gindin itace da gatari, ya ɓare ɓawon kamar faɗin tafin hannu, ya yi masa zobe, ya yi tafiyarsa. Ganye ya zube, itace ya bushe a tsaye, shi kuwa ya shuka masararsa a ƙarƙashi. Da haka ya cika rumbuna, har mutanen yankinsa suka zaɓe shi ya wakilce su a majalisar jiha. Ranar zaɓen ne wani mai injin niƙa daga ƙauyen hayin kogi ya miƙe cikin taro, ya ce mutumin da karanta wasiƙa ke sa shi gumi, yaya zai rubuta doka? Aka kwashe da dariya. Manomi ma ya yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Da ya shiga majalisa, ko sau ɗaya bai ambaci sunan mutumin nan ba. Zobe ya yi masa. Ya kawo ƙudurin a karkatar da babbar hanya ta wani mashigi mai nisan mil goma sha biyu, ya kuma sa aka cire gadar katakon ƙauyen daga cikin waɗanda hukuma ke gyarawa. Ba zagi, ba dambe, hannu kawai aka ɗaga. Kekunan doki suka daina bi, maƙeri ya kwashe kayansa, ungozomar garin ta bi ɗanta ta dawo hayin su manomin, injin niƙa ya yi tsit. Abin da ke ba ni haushi, 'yarsa tilo a ƙauyen take aure! Matarsa ta tuna masa, ya ce bayan girbi zai taso da su. Aka yi girbi uku yana can yana jawabi. Shekarar da ƙanƙara ta narke kogi ya tumbatsa, naƙuda ta zo wa 'yar da gardama. Mijinta ya haye gadar da sassafe tana rawa, ya zo neman taimako. Uban ya ɗauko ungozoma a keken dokinsa, suka iso bakin kogi da hantsi, suka tarar ruwa ya tafi da ruɓaɓɓun katakan, sai turaku biyu. Ga rufin ɗakin 'yar can suna hango hayaƙi, ba halin ƙetarawa. Dole suka bi hanyar da ya zana da hannunsa, mil goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa, cikin taɓo har gwiwar doki. Sai washegari suka isa. Suka tarar da tsohon mai injin niƙa a bayan gidan, yana haƙa kabari shi kaɗai, na uwa da jariri. Ya ɗago ya dubi ɗan majalisa, ya miƙa masa shebur, ya ce, "Karɓi ka ƙarasa, ni na gaji. Majiya ƙarfin garin duk sun tashi."

Saboda haka, Honarabul, duk ranar da ka ɗaga hannu a zauren nan don ka ƙuntata wa wani, ka fara duba wa kake da shi a hayin kogi. Hausawa sun riga sun gama magana: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.