Sha Ɗaya da Nema

Daren wasan ƙarshe na ji wani baƙon ihu daga filin ƙwallon bayan gidanmu. Da na danna rimot don ƙara sauti, talabijin ko gezau, sai fili ya ɗauki ihu. Na ce ikon Allah, na ci gaba da dannawa.

Can sai ga ɗana, mai kula da allon nuna ci a filin, yana haki.

"Baba, korata za su yi! Ba a ci ko ɗaya ba, allo na nuna sha ɗaya."

Rimot ɗin hannunsa na talabijin ɗinmu ne, ga salatif ɗin da na naɗa masa. Na lallaɓa na zauna a kan na hannuna, wanda ashe na allon ne.

Maƙwabcinmu ya leƙo ta taga.

"Dattijo, me ya sa da ka gyara zama sai fili ya yi ihu?"